Shagon Baffa Sale

Duk wanda ya ce maka sayar da gida abu ne mai sauƙi, to bai taɓa sayar da gidan ubansa ba. Ni na sayar, a Riruwai, da kakar shekarar 1991, kuma har yau in na ji ƙarar tafireta a bakin kotu sai gabana ya faɗi. Sunana Luba. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kiru, garin da nake aure, kuma an san ni da rubutu mai kyau da baki mai kaifi. Bakin ne ya ja mini abin da zan ba ku labari.

Mahaifinmu Malam Umaru ne, wanda ake kira Mai-sikeli, saboda shi ke awon kuza a kamfani. Kakanmu daga Barno ya taso neman kuza, ya zauna a Riruwai, bai ƙara komawa ba. Wanda ya ga garin yau ba zai yarda da abin da muka gani muna yara ba. Jiniya na kaɗawa da safe sai ka ga hanya ta cika da lebura, kowa da yarensa, kowa da kwanon abincinsa a ɗaure cikin tsumma. Ranar da aka biya ma'aikata kuwa hayaƙin tsire har kan duwatsu yake kaiwa, masu tela su kwana biyu ba su ɗaga kai daga keke ba. Muna hawa dutsen bayan gidanmu mu hango garin gaba ɗaya, mu riƙa gardamar wane rufin kwano ne ya fi ƙyalli. Namu ba ya cikin gasar, don rabinsa soro ne.

Gida ne na ƙasa mai ɗaki huɗu, da rijiya, da mangwaro guda wanda 'ya'yansa tsami ne da su amma ba mu taɓa yarda mu faɗa a gaban baƙo ba. Jikin zaure ta hannun dama akwai shago, ɗan ɗaki mai ƙofa ta waje, yana kallon hanyar kasuwa. A nan Baffa Sale yake.

Baffa Sale Bafulatani ne, abokin Baba tun suna samari. Da yana da garkensa, yana saukowa kusa da gari kowane rani, Baba ma ya ba shi kiwon 'yan shanunsa biyu. Sai ciwon bushiya ya shigo a 1983 ya share masa garken cikin mako uku. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa ba wanda ya rayu. Baba ya ji labari ya ɗauki kekensa ya tafi, washegari ya dawo yana tura keken, Baffa na biye da shi da sanda da buta da ƙullin kaya ɗaya. Ina gida lokacin, na zo wankan jego na ɗan farina, ina zaune cikin zaure ina shan iska, don haka da kunnena na ji abin da Baba ya ce da ya tura ƙofar shagon.

"Sale, wannan ɗakin naka ne har ranar da za a fitar da kai a makara."

Baffa bai ce na gode ba. Ya leƙa ciki ya duba rufin, sannan ya tambaya ina ne gabas.

Shekara bakwai suka yi suna zama a ƙofar shagon nan kan tabarma ɗaya, Baffa na tufka igiyar rama da yake sayarwa ranar kasuwa, Baba na sauraron rediyo. Kun san wasan Fulani da Barebari. Baba ya ce shi ya sayi Baffa da ƙwaryar gero, Baffa ya ce ina Babarbare ya ga gero in ba wanda ya sata ba. Kullum maganar ke nan, kullum kuma sai sun yi dariya kamar ranar suka fara jin ta. Kamfani ya rufe, jiniya ta daina kaɗawa, mutane suka yi ta kwashe kayansu suna barin gari, amma tabarmar nan ba ta tashi ba sai da Baba ya kwanta ciwon ajali a daminar 1990.

Da Inna ta fita takaba na ɗauke ta zuwa Kiru, don ƙafafunta sun fara ba ta wahala. Gida ya zama ba kowa sai Baffa a shagonsa. Damina ta zagayo ta kayar da katangar bayan gida. Yayana Zailani, wanda ke jan motar wani a hanyar Kano zuwa Jos, ya zo ya ce a sayar kafin sauran ya bi, ko ya sami abin da zai haɗa ya sayi tasa motar. Mu biyu ne kaɗai 'ya'yan Baba da muka rage. Na yi kuka, Inna ta yi kuka, amma gaskiya ya faɗa, muka amince. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: in an sayar, ina Baffa zai kwana?

Kafin a yi maganar mai saye sai da muka je kotu a Tudun Wada, don gidan gado ba a sayar da shi sai alƙali ya san magada. Sau uku muna ratsa dajin Falgore saboda wannan. Zuwan farko aka ce mu kawo mutum biyu da za su shaida cewa mu ne kaɗai magada. Zuwa na biyu alƙali ya tambayi takardar gidan, muka kalli juna. Wace takarda? Baba ya sayi gidan ne tun kafin a haife ni, a hannun wani tela da zai koma garinsu. Aka taru a ƙofar gida, aka yi musafaha, aka raba goro, aka shafa fatiha, shi ke nan gida ya zama na Malam Umaru, kuma shekara talatin da ɗoriya ba wanda ya taɓa cewa uffan. Alƙali ya girgiza kai irin na wanda ya saba jin wannan amsa. A zuwa na uku ya ba mu takardar izinin sayarwa: Inna tana da tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, abin da ya rage kashi biyu na Zailani, ɗaya nawa. Ya kuma sa sharaɗi cewa sai mai unguwa da maƙwabta sun tabbatar da iyakar gidan a gaban shaidu, tunda babu tsohuwar takarda.

A mota muna dawowa na ɗauko maganar shago.

"Yaya, ka san dai Baba ya ba Baffa ɗakin nan har ƙarshen ransa."

"A wace takardar ya rubuta?"

"A takardar da aka rubuta cinikin gidan kansa," na ce masa. "Ka ga ke nan mu ma ba mu da gida."

Ya yi tsaki ya juya kai ta taga. Can ya ce dillali ya riga ya samo mai saye, Alhaji Idi mai sayen masara, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne shagon, don yana bakin hanya. Ya ce shi ma yana jin Baffa a ransa, za a san yadda za a yi. Na san Zailani. In ya ce za a san yadda za a yi, to ba a sani ba, kuma ba za a sani ba.

Da na gaya wa Inna, sai ta matsa gwiwarta ta dube ni.

"Luba, ki bi a hankali. Mutumin nan Bafulatani ne, fulakonsa ya fi ƙarfin cikinsa. Ki je wajen uwargidan Alhaji Idi a asirce, ki gaya mata, ita ta san yadda za ta shigar wa mijinta. A bar shi a ɗakinsa kamar ba wanda ya lura. Kada a yi maganar a bainar jama'a."

Na ce to. Amma a zuciyata cewa nake yi irin wannan lallaɓa-lallaɓar ce ta sa muka yi ta jeka-ka-dawo a kotu. Ni na yi makarantar horon malamai, na san abin da ba a rubuta ba iska ce. In yau Alhaji Idi ya yi alkawari ta bakin matarsa, gobe ya mutu fa? 'Ya'yansa su zo su ce a wace takardar? A ganina lokacin, duk garin ni kaɗai ce mai hankali.

Ana saura kwana biyu ranar shaidu na isa Riruwai. Na tarar da Baffa a ƙofar shago, tabarmar nan dai, ya zauna a gefe ɗaya ya bar ɗaya gefen kamar ana jiran wani. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Inna, da maigidana, da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da akuyar da ya taɓa yi wa magani.

"Baffa, jibi za a rubuta takardar gida."

"Na ji, ɗiyata. Allah ya sa albarka."

"Mai unguwa zai tambaya ko akwai mai magana. In ya tambaya, ka faɗi abin da Baba ya ce maka ranar da ka zo. Ni shaida ce, ina cikin zaure."

Ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya. "Umaru ya faɗi maganganu da yawa. Ya ce ya saye ni da gero ma."

"Baffa, ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Kada ki ce komai, Lubabatu. Gida na marayu ne."

Marayu! Ni da 'ya'ya huɗu, Zailani da furfura a gemu. Na tashi raina a ɓace, ina cewa a zuciyata in shi kunya ta hana shi, ni ba ta hana ni ba.

Ranar Asabar da hantsi aka taru. Mai unguwa ya zo da liman, da maƙwabtanmu na gabas da yamma da kudu, don arewa hanya ce. Dillali na ta kai-komo kamar shi ya gina gidan. Alhaji Idi ya zo cikin farar riga, mutum ne mai sanyin magana, ba ka jin abin da ya ce sai ka matso. Magatakardan dagaci ya iso a keke da tafireta ɗaure a baya, ya nemi benci ya ɗora ta, ya jera farar takarda uku da baƙar takardar kwafi a tsakaninsu. Ni ina cikin zaure da matan maƙwabta, inda muke ganin komai ta ƙofa.

Aka fara da iyaka. Mai unguwa ya ce a cikin waɗanda suka ci goron cinikin farko wa ya rage da rai? Aka duba aka duba, ashe Baffa Sale ne kaɗai. Shi ya rako Baba ranar, yana saurayi da kitso a kansa. Saboda haka shi aka sa a gaba. Ya ɗauki sandarsa ya bi jikin katanga, jama'a na biye, yana dogara ta a kowace kusurwa yana cewa, "Nan." A inda katanga ta faɗi ya nuna wani dutse da ya nutse a ƙasa, ya ce tela ne ya kafa shi, maƙwabcin kudu ya ce haka ne, ya ji daga mahaifinsa. Suka zagayo ta bakin hanya. Ina kallo ya wuce ƙofar zaure, ya wuce ƙofar shagonsa, tabarmarsa na shimfiɗe, ya je ƙarshen bangon ya kafa sanda.

"Nan gidan Umaru ya ƙare."

Da hannunsa ya sa ɗakinsa cikin abin sayarwa. Tausayi da haushi suka kama ni a haɗe, har ban san wanne ya fi yawa ba.

Aka dawo aka zauna. Dillali ya faɗi yadda aka yi ciniki, Zailani ya ce ya sallama da yawunsa da na Inna da nawa, Alhaji Idi ya ce ya karɓa. Sai mai unguwa ya miƙe. Al'adarsa ce, kafin a buga harafi ɗaya, ya tambaya sau uku, yana tsayawa tsakanin kowace tambaya har sai an ji shirun.

"Jama'a, akwai mai magana a kan gidan nan?"

Shiru.

"Akwai mai haƙƙi a ciki, na gado ko na jingina ko na kyauta?"

Na zuba wa Baffa ido. Kansa na ƙasa, yana wasa da bakin tabarma.

"Na uku ke nan. Wanda ya yi shiru yau, kada ya zo gobe."

"Akwai!"

Muryata ce, irin wadda nake tsawata wa 'yan aji shida da ita. Wata maƙwabciya ta ja mini gyale, na fizge. Na fito bakin zaure na tsaya, na ce a gafarce ni, ni mace ce amma magajiya ce, kuma sunana na cikin takardar alƙali. Na faɗi abin da Baba ya ce, kalma bayan kalma, da shekarar, da inda nake zaune. Da na ga kowa ya yi tsit yana saurare, sai bakina ya ƙara buɗewa. Na ce wannan bawan Allah shanunsa sun ƙare, ba mata, ba ɗa, ba gona, in aka fitar da shi daga ɗakin nan a bakin kasuwa zai kwana. Na ce duk wanda ya ci tuwon gidan Malam Umaru ya ji kunya in aka yi haka yana zaune. Ina magana ina jin daɗin yadda maganar ke fita.

Liman ya gyara murya ya ce a shari'a wannan kyauta ce sananniya, mutum ya ba wani zaman ɗaki iya rayuwarsa, kuma tana nan ko bayan ran mai bayarwa, in ta tabbata. Amma shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba, sai dai in magada sun yi iƙirari da kansu. Ya juya wajen Baffa.

"Malam Sale, haka aka yi?"

Baffa ya amsa kansa na ƙasa. "Umaru ya ce in zauna, na zauna."

"Ya ce har ƙarshen rai?"

"Allah ya jiƙan Umaru."

Iyakar abin da aka samu daga bakinsa ke nan. Sai aka koma kan Zailani. Idon unguwa gaba ɗaya na kansa, ya share zufa ya ce shi ma ya taɓa jin Baba ya faɗi haka, bai musa ba. Alhaji Idi ya matso ya ce cikin sanyin nan nasa, shi ba ya jayayya da haƙƙin kowa, amma gida da shago daban, gida ba shago daban, dole a rage wani abu. Zailani ya zabura zai yi magana, na riga shi.

"A cire daga rabona. Ko nawa ne."

Wasu suka ce madalla, wata tsohuwa daga cikin zaure ta ce Allah ya yi mini albarka. Na ji kaina ya yi girma.

Magatakarda ya fara bugawa. Sunan mai sayarwa, sunan mai saye, iyaka ta gabas da yamma da kudu da arewa. Da ya zo kan sharaɗin shago ya tsaya yana neman yadda zai sa shi, ni kuwa na matsa kusa na ce bari in faɗa masa, ai aikina ne. Na so in ɗaure maganar yadda ba lauyan da zai kwance ta. Ga abin da na sa ya buga, har yau na haddace shi: "Shagon da ke jikin zaure yana hannun tsoho Malam Sale, wanda ba shi da kowa kuma ba shi da wurin zuwa, har ranar da ya mutu. Ranar da ya mutu shago ya koma hannun Alhaji Idi."

Ƙa'ida ce a karanta takarda da ƙarfi kowa ya ji kafin a sa hannu. Magatakarda ya karanta. Maƙwabcin yamma, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya ce bai ji ƙarshen ba, aka sake karanta masa da ƙarfi fiye da na farko. Aka liƙa kan sarki a ƙasan kowace takarda, Zailani da Alhaji Idi suka sa hannu a kansa, ni ma na sa nawa da rubutuna mai kyau. Shaidu suka zo ɗaya bayan ɗaya. Baffa ne na ƙarshe. Magatakarda ya kama babban yatsansa ya danna a tawada, ya dangwala masa sau uku, daidai ƙarƙashin layin nan. Aka shafa fatiha, aka raba goro. Ya karɓi nasa da hannu biyu ya sa a aljihu.

Washegari Zailani da Alhaji Idi suka kai takardun gidan dagaci ya buga hatimi, daga nan za a wuce da ɗaya sakatariya a Tudun Wada a buɗe fayil da sunan sabon mai gida. Zailani bai yi mini magana ba duk ranar, ni kuwa ko a jikina. Na yini ina kwashe tarkacen Inna, tukwane da tsofaffin fantekoki, ina raba wa maƙwabta abin da ba zai shiga mota ba.

Ranar Litinin da safe, kafin in tafi tasha, na sayi koko da ƙosai na kai wa Baffa. Na tarar ya share ɗakin tas, ya naɗe tabarma ya ɗaure ta da igiya, butarsa da ƙullin kayansa na bakin ƙofa.

"Baffa, ina zuwa haka?"

"Akwai ɗan ƙanena a wata ruga gaba da Doguwa. Na daɗe ban gan su ba."

"Yaushe za ka dawo?"

Ya karɓi kokon ya zauna a dokin ƙofa ya sha kaɗan, don kada in ji kunya. Sai a lokacin jikina ya fara ba ni.

"Baffa, ɗakin nan naka ne. Yana cikin takarda. Ba mai iya fitar da kai, ko gwamna ne."

"Na sani, ɗiyata. Na ji an karanta." Ya ajiye kwanon. "Kin yi don Allah, Allah ya ba ki lada. Ban riƙe ki da komai ba."

"To me ya sa?"

Ya dubi hanya, inda mata ke wucewa da kayan kasuwa a ka. Wasu na gaishe shi, kuma na lura gaisuwar ta canza, ta yi taushi, irin wadda ake yi wa majinyaci.

"Shekara takwas ina ɗakin nan ban taɓa jin ni baƙo ba ne. Umaru ya ba ni, ba wanda ya ji. Ko ke ban san kina zaure ba. Yanzu kowa ya san ba ni da kowa, har wanda ba ya ji an ɗaga murya an gaya masa. An san 'yar Umaru ce ta biya mini daga gadon ubanta." Ya ɗan yi murmushi. "Kuma Alhaji mutumin kirki ne. Kullum da safe zai zo ya gaishe ni, ya ce Baffa ya ƙarfin jiki. Shi da zuciya ɗaya zai tambaya. Amma ni na san abin da takarda ta ce, shi ma ya sani. Ba zan iya amsa wannan gaisuwar kullum ba, Lubabatu."

Na durƙusa a gabansa ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Na ce zan yayyaga takardar, ya ce guda uku ce, kuma an buga hatimi. Na ce ya biyo ni Kiru, akwai ɗaki a gidanmu, ya ce gidan suruki ba wurin zamansa ba ne. Ya sa mini albarka, ya sa wa yarana, ya ce in gaida Inna in ce mata ta yafe masa ɗawainiyar tuwon shekara da shekaru. Ya ja ƙofar ya sa kwaɗo, ya miƙa mini mabuɗin in kai wa Alhaji. Sannan ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya rataya hannuwa a kai, yadda yake yi da can in yana bin shanu, ya bi hanyar tasha.

Na kai mabuɗin. Alhaji Idi ya ƙi karɓa. Ya ce shi ya sa hannu a gaban liman cewa ɗakin na Malam Sale ne muddin yana numfashi, ba zai buɗe shi ba, ba zai sa ko buhu ɗaya a ciki ba. Haka na koma Kiru da mabuɗin a jakata. Da na gaya wa Inna, ba ta ce ai na faɗa miki ba. Da ma ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Sau ɗaya na je rugar, da damina ta biyu. Na same shi a wata 'yar bukka a gefen garke, an tara ƙwarya biyu a ƙasa inda ruwa ke ɗiga. Ya rame, amma ya tashi da fara'a ya sa aka dama mini fura da nono mai kyau. Na sake roƙonsa ya koma. Ya tambaye ni ko mangwaron gidan ya daina tsami.

A 1997 labarin rasuwarsa ya iso mu, bayan an yi kwana tara da binne shi. Mako biyu da haka sai ga Alhaji Idi a Kiru, ya zo ta'aziyya, don ya ce bai san wa zai yi wa ba in ba mu ba. Ya gaisa da Inna, aka yi addu'a. Da zai tafi ya fito da fayil daga cikin rigarsa yana ta ba da haƙuri, ya ce a sakatariya an ce sai ɗaya daga cikin magada ya sa hannu cewa sharaɗin ya ƙare. Na shiga ɗaki na ɗauko mabuɗin, na karɓi biro.

Ina cikin rubuta sunana ya ce, a hankali kamar kullum, "Malama, wallahi da ba a yi maganar nan ba ranar, ban yi niyyar tashinsa ba. Na riga na gaya wa uwargidana a riƙa kai masa tuwo."

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko kuwa shekaru ne suka gyara masa tunani. Ban tambaye shi ba. Abin da na sani shi ne shekara shida ɗakin nan yana kulle, da rufinsa lafiya lau, da sunan Baffa a takarda uku masu hatimi, shi kuwa yana kwana ruwa na zuba masa. Ba Zailani ne ya fitar da shi ba, ba kuma mai saye ba. Ni ce, ni da na fi kowa sonsa.

Na ƙarasa sa hannun, na miƙa wa Alhaji mabuɗinsa.